Kwalba kaɗai ba za ta ceci bakwaini ba

Wani labari da na karanta ya ce ƙarancin kwalabar jarirai, wato na'urorin ɗumama jariri a asibiti, ne ke kashe bakwaini a ƙasashe irin namu. Akwai gaskiya a ciki, amma an tsallake babban abu: a Sakkwato yawancin mata a gida suke haihuwa, ba wanda ya ɗora jaririn a sikeli balle a san ko ya kai kilo 2.5 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyaka. Matar da ke wani ƙauye a ƙaramar hukumar Isa ko Sabon Birni, inda hanya ma ba ta biyuwa da dare saboda 'yan bindiga, ina ita ina kwalbar asibitin koyarwa na Danfodiyo? Abin da ke hannunmu shi muka raina. A ɗaura jariri a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufa da zane da hula, dabarar da aka fara a Kolombiya tun 1978, ba ta buƙatar wuta ko janareta. Amma mu, ko cikin hunturu, ungozoma na yanke cibi sai wanka, yaro ɗan mitsitsi yana ta karkarwa. Masu cewa duk ƙaddara ce, haka ne, sai dai zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini ga mai ciki suna haddasa haihuwa kafin mako 37, kuma ana ba da maganinsu a wurin awo. Mu magidanta nawa ne ke ba matanmu kuɗin mota su je awon nan tun ciki na wata uku?