Kashi 70 ba alkawari ba ne

Har yanzu raina bai daina ɓaci ba kan maganar jiya a majalisarmu ta Ƙofar Marusa. Waya ta ce yiwuwar ruwa kashi 70 cikin 100, hadari ya haɗo daga gabas, iska ta watsa shi, shi ke nan wani bawan Allah ya miƙe yana cewa masu hasashen yanayi bokaye ne masu kwamfuta. Kuma aka tafa masa!

Malam, kashi 70 ba alkawari ba ne. Wanda ya ce maka 70 ya riga ya gaya maka akwai 30 da ba za a yi ba. In kana son kama shi da ƙarya, tara duk ranakun da ya ce 70 ka ƙirga. In an yi ruwa a kusan 7 cikin kowace 10, ya faɗi gaskiya. Rana ɗaya ba ta isa hujja ba.

Wannan ilimi yana da ƙa'ida rubutacciya. A 1763 aka buga aikin Thomas Bayes na Ingila, bayan rasuwarsa, kan yadda mutum zai gyara zatonsa duk lokacin da sabuwar shaida ta zo. Laplace na Faransa ya kawo wata ƙa'ida da ko ɗan firamare zai iya: ƙara 1 a kan adadin da abu ya faru, ƙara 2 a kan adadin da ka duba, sai ka raba. A ce shekara 10 kana lura, a 8 damina ta zauna kafin ƙarshen Yuni. Lissafi zai ba ka 9 cikin 12, wato kashi 75. Ko da duk 10 ɗin ta zauna, 11 cikin 12 za ka samu. Ba ya taɓa kai wa 100. To ina da'awar gaibu a nan? Boka ne ke cewa tabbas. Mai lissafi da kansa yake auna maka iyakar rashin saninsa.

Na san za a zo min da "ai Allah ne ke saukar da ruwa". Wa ya yi musu? Mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa sakin sallar jam'i ba, amma ba ya fitar da iri a ruwan farko. Sai ya tona ƙasa da yatsa ya ga inda laima ta kai, ya tuno shekarun da tsiro ya ƙone masa, sannan ya yanke shawara. Abin da kwamfuta ke yi ke nan, sai dai ita alƙalumanta sun fi yawa.

Kashi 70 ba alkawari ba ne, ku daina ruɗa manoma.