Ramin da ya cinye mini taya da rim

Wallahi raina a ɓace yake. Daren Talata ina dawowa daga aiki, ruwan sama ya kwanta a titi, ban san rami ne a ƙarƙashinsa ba sai da na ji gwaf! Tayar gaba ta dama ta afka, har haƙorana suka haɗu. Na gangara gefe na haska da fitilar waya, na ga tayar ba ta sace ba, na yi hamdala na wuce gida.

Ashe ba a rabu da Bukar ba. Washegari ina kai gudun kilomita 80 sai sitiyari ya hau rawa a hannuna, motar tana ta jan dama. Kwana na uku iska ta sauka. Da mai faci ya kwance tayar, sai ga leɓen rim na ciki ya lanƙwashe, can inda ido ba ya kaiwa, ta nan iskar ke zurarewa. A gefen tayar kuma ga wani ƙulu ya taso. Ya ce, "Maigida, wannan ba ta faci. Zaren ciki ne ya tsinke, ko yaushe tana iya fashewa da kai." Tayar da ko wata huɗu ba ta yi ba!

Da rim ɗin na ƙarfe ne, da an buga ya miƙe. Nawa na alminiyom ne, irin wanda ke tsagewa in an matsa masa. Bakanike kuma ya ce sai an yi alaimen da balansin, wato a daidaita saitin tayoyi da nauyinsu, a duba tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya, da shokazoba mai shanye girgiza, don bugun ba a taya kaɗai ya tsaya ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ramin nan na san shi tun yana 'yar tsaga. Ruwa ya shiga, manyan motoci suka bi ta kai, kwalta ta ɓare, wata shida ana kallo. Sau ɗaya aka zuba masa ƙasa, ruwan farko ya wanke ta. Amma bari takarduna su ƙare, ko fitilata ɗaya ta mutu, nan take za a tare ni. Su masu gyaran titin wa ke tare su? Harajin da muke biya ina yake zuwa?

Yau da safe na sake bi ta wurin da tayar safaya, ina lallaɓawa. Ga wani bawan Allah can a gefe ya kafa jak, yana kallon rim ɗinsa.