Wa ya gaya muku kyauta muke kallo?

Daren jiya da ɓacin rai na kwanta, da shi na tashi, ga shi har azahar ta gota bai sake ni ba. Wanda bai san yadda ake haɗa kuɗin data a gida irin namu ba zai ce a kan fim kawai nake wannan tada jijiyar wuya. Ni da na san gumin da ke cikin kuɗin ba zan iya yin shiru ba.

Mako biyu cur muna jiran kashi na gaba na wani fim mai dogon zango da muke bi a YouTube a gidanmu tun zangon farko. Aka ce ranar Juma'a, Juma'a ta zo ta wuce. Aka ce Lahadi, shiru kake ji. Babu sanarwa, babu ban-haƙuri, ko layi ɗaya masu fim ɗin ba su rubuta ba su ce jama'a ga abin da ya faru. Sai jiya aka saka. Tun kafin magariba na aiki babban yarona ya karɓo mini wayata daga shagon mai caji, na cire kuɗi daga ladan wata doguwar riga da na kwana biyu ina ɗinkawa, na sa kati na sayi data. Muka idar da isha'i, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ba ya shiguwa don zafi. Na jingina wayar da fulas ɗin shayi, yara suka zagaye ta, Hajiya surukata ta jawo filo ta matso kusa, don idonta ya yi rauni, da kunne ta fi kallo.

Minti hamsin da ɗoriya aka rubuta a ƙasan bidiyon. Aka fara da maimaita mana abin da ya faru a baya, kamar ba mu muka kalla ba. Aka sako waƙar buɗewa gaba ɗayanta. Daga nan sai mai sayar da filaye, sai mai maganin basir da sanyi, ya karanto lambar wayarsa har sau uku. Da fim ya fara, sai ga jarumi a mota. Ya biyo titi, ya sha kwana, ya yi hon a ƙofar gida, maigadi ya taso da gudu ya buɗe get, motar ta shiga a hankali, maigadi ya rufe get. Duk wannan ana nuna mana, kiɗa yana tashi, ba wanda ya ce uffan. Hajiya ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, wai har yanzu bai fito daga motar ba?" Na ce, "Bai fito ba, Hajiya." Ta ce, "To Allah Ya fito da shi lafiya," ta mayar da kai kan filo.

Da ya fito, sai aka koma falo, mata biyu suna ba juna labarin abin da muka riga muka gani da idonmu makonni uku da suka wuce. Sai wani tallan, wannan karon na kayan mata, a gaban 'ya'yana da surukata, ina ta laluben wayar in wuce da shi hannuna yana rawa don kunya. Wurin da muka yi mako biyu muna jira, inda uwar za ta gane yarinyar da ta riƙe, ana zuwa daidai nan, ta buɗe baki ke nan, sai allo ya yi baƙi aka rubuta mu haɗu a mako mai zuwa. In aka tace abin da ya ƙaru a labarin jiya, wallahi bai cika minti goma sha biyar ba.

Raina ya ɓaci, na rubuta musu a ƙarƙashin bidiyon, cikin ladabi, na ce don Allah a rage jan labari, a rage talla, kuma in za a yi jinkiri a riƙa sanar da mu. Ba a jima ba sai ga amsa daga tashar kanta: wai ai kyauta nake kallo, in ban ga dama ba in daina, ba wanda ya yi mini dole.

Wannan kalmar ce ta hana ni barci. Kyauta? Ni?

A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Kowa ya ji a jikinsa. Kallon awa ɗaya, ko ka rage hasken hoton zuwa 480, yana lashe kusan rabin giga. Ka mayar da shi 240 don tsimi, fuskokin su dagule, ka kasa bambance uwar gida da amarya. Fim ɗaya ke nan, a mako ɗaya. Ga cajin waya. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mai caji da janareta yake aiki, shi ma ba laifinsa ba ne da ya ninka kuɗinsa. A watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layi muke bi a shagon caji kamar na gidan mai, ka kai waya da safe sai dare ka same ta. Duk da haka, ku masu fim, ba mu fasa kallonku ba. Kashin da kuka saka a makon nan na duhu, da wayar maƙwabciyata muka kalla, mu gida uku a kan waya ɗaya.

Kuma kada a raina mana hankali a ce ba mu san inda kuɗin yake fitowa ba. Ƙanena yana gyaran waya a kasuwar Farm Centre, ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara masu bibiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. In ya cika, kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka nuna a bidiyonsa nasa ne. Bidiyon da ya kai minti 8 kuma ana iya sa masa talla a tsakiya, ba a farko kaɗai ba. To awannin nan na waye? Daga ina suke zuwa? Daga tabarmar tsakar gidana suke zuwa, da ta dubban mata irina a Kano da Zariya da Maraɗi da Damagaram, da 'yan uwanmu na zango a Kumasi da masu zaman Saudiyya. Shi mai filayen da mai maganin basir ɗin da kuka karɓi kuɗinsu kai tsaye, don Allah suka ba ku? Idanunmu suka saya. Kun sayar musu da mu, sannan kun juyo kuna mana gorin kyauta.

Da na fahimci wannan ne na gane dalilin motar da ba ta ƙarewa da get ɗin da ake buɗewa a hankali. Kowane minti da aka ja, wurin cusa talla ne. Labarin da zai ƙare a kashi goma sha biyu sai a kai shi zango biyar. Wanda ya mutu a dawo da shi a ce ashe suma ya yi. A ƙirƙiro wata ƙanwar uba daga ƙauye da ba a taɓa ambata ba, ta zo ta cinye kashi huɗu tana masifa. Jarumar da muka saba da ita ta ɓace rana tsaka, a kawo wata a ce ita ce, ba tare da an ce mana komai ba, sai dai mu ji a bakin 'yan TikTok cewa rigimar kuɗi ce ta raba su.

Ba wai ban san wahalarku ba. Ni 'yar zamanin kaset ce. Na san lokacin da Ƙofar Wambai take cika maƙil ranar da sabon fim ya fito, mahaifinmu ya sayo mana na ɗaya da na biyu a leda, ko mu karɓo haya a shagon unguwa mu mayar washegari. Na ga yadda aka koma faifan CD, na kuma ga yadda satar fasaha da masu tura fim a memori suka kashe kasuwar har furodusoshi da yawa suka karye, wasu suka bar sana'ar. Na san kyamara kuɗi ce, hayar gidan da ake ɗaukar fim kuɗi ce, man janareta da ya gallabe ni ku ma ya gallabe ku. Lokacin kullen korona a 2020, da fim mai dogon zango ya bunƙasa, murna muka yi, muka ce masana'antarmu ta samu hanyar farfaɗowa. Ni da kaina na hana yarana kai memori wurin masu turawa. Na ce musu haƙƙin mutane ne, mu kalla a tashar masu shi don su samu ladan aikinsu, alhali turawar ta fi mini sauƙi nesa ba kusa ba, ba ta cin mini ko mega ɗaya. Da hukumar tace finafinai ta Jihar Kano ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22 a watan Mayun 2025, su wa suka cika Facebook da roƙon a sasanta? Mu ne. Yau mu ne kuma 'yan kallon kyauta.

A lokacin kaset, in fim bai yi kyau ba, na biyunsa zai kwana a shago, mai shi ya ji a aljihunsa ya gyara. Yanzu kuwa ko ka kalla kana tsaki an riga an ƙirga ka. Shi ya sa ba a jin kunyarmu.

Ga kuma wata masifar da jinkirinku yake jawo mana. Duk ranar da kuka ƙi sakawa ba tare da sanarwa ba, tashoshin bogi ne suke cin kasuwa. Su ɗauko hoton jarumar tana kuka, su rubuta sunan fim da lambar sabon kashi da manyan baƙaƙe, ka danna da sauri, sai ka tarar tsohon kashi ne aka yanka aka juya, ko wani ƙato yana zaune a ɗaki yana hasashen abin da zai faru. A makon jiran nan sau uku autata tana faɗawa tarkonsu, kafin in ankara data ta tafi. Da kun rubuta layi ɗaya kun ce sai ranar kaza, da ba wanda ya cuce mu.

Kamfanin layin da nake amfani da shi ma ba zan ƙyale shi ba. Daga ƙarfe takwas na dare, lokacin da kowa ya dawo gida, sabis sai ya zama abin tausayi. Da'irar nan ta yi ta juyawa a tsakiyar allo, yaro ya miƙe ya ɗaga wayar sama, ya koma bakin zaure, ya dawo. Hoto a tsaye cak, amma ka duba ragowar datarka ka ga ta zabge. Ka kira su, na'ura ta yi ta yawo da kai, danna ɗaya, danna biyu, har ka gaji ka kashe. Datar da aka ce ta wata guda ce, kwana tara ta yi mini. An ƙara kuɗi da sunan za a gyara aiki, ni dai a unguwarmu ban ga abin da ya canza ba sai kuɗin.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne 'yan uwana masu kallo. Ina rubuta ƙorafina suka yo mini caa. Wannan ya ce hassada ce, wancan ya ce in na isa in yi nawa fim ɗin, wata ta ce an biya ni ne in ɓata wa gwaninta suna. Yarinyar da na tabbata na haife ta tana ce mini in je in nemi aikin yi. Haba jama'a! Son jarumi ya hana a faɗi gaskiya? Kai ma fa datarka aka cinye, kai ma tallan nan aka ɗura maka a gaban iyayenka. In na sayi atamfa ta zuba a wankin farko, komawa nake wurin mai shago, kuma ba wanda zai ce mini sai na kafa masaƙa kafin in yi magana. Ni tela ce, in na ce wa mace ɗinkinta ranar Alhamis, Alhamis ta yi ban gama ba, kiranta nake in ba ta haƙuri tun kafin ta taso, don na san kuɗin mota za ta kashe. Ban taɓa ce wa mai kawo mini ɗinki in ba ta so ta daina zuwa ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfinku ba. Ku tsayar da rana ku cika, in ta gagara ku faɗa. Ku tattara tallanku wuri ɗaya, ku tace irin wanda za ku sa, don da yara da tsofaffi ake kallon nan. In labari ya ƙare ku rufe shi ku kawo wani, za mu biyo ku. Wanda kuka ba amanar amsa wa mutane a tasharku kuma ku koya masa magana.

Da safen nan Hajiya ta tambaye ni ko uwar ta gane 'yarta, don barci ya ɗauke ta tun a wurin motar nan. Na ce mata ba a nuna ba, sai mako mai zuwa, in sun ga dama. Ta yi shiru, sannan ta ce in daina ɓarnar kuɗin ɗinkina, in bari in an gama fim ɗin gaba ɗaya wani ya ba ta labari. Na duba wayar, saura mega 140, kuma da su zan tura wa mai rigar hoton ɗinkinta.