Wa ya ɗauki garmar da Isaac Davis ya ajiye?

A garin Concord na jihar Massachusetts a Amurka, bakin wata gadar katako, akwai mutum-mutumin tagulla na wani matashi, bindiga a hannun dama, hannun hagu a kan garma. Daniel Chester French ne ya ƙera shi, aka buɗe shi a 1875, shekara 100 cif bayan faɗan da aka gwabza a wurin a farkon yaƙin neman 'yancin kan Amurka. Amurkawa bindigar suke kallo. Ni kuwa garmar ce ke tsaya mini a rai, don an yar da ita ne a watan Afrilu, ana shirin huɗa. Wa ya ƙarasa aikin?

Ana danganta mutum-mutumin da Isaac Davis, mutumin garin Acton da ke kusa da Concord, manomi kuma maƙerin bindiga. A zamanin, doka ta wajabta wa maza daga shekara 16 zuwa 60 su riƙa fita atisaye da makamansu. Daga ciki aka ware 'yan sa-kai masu zaman shirin ko-ta-kwana, Davis ne kyaftin ɗin na garinsu.

Ranar 19 ga Afrilun 1775 sojojin Ingila kusan 700 suka doshi Concord don ƙwace makaman da aka ɓoye. Da sassafe mutanen Davis suka taru a gidansa. 'Ya'yansa huɗu, rashin lafiya ta kwantar da wasu, autan bai wuce wata 15 ba. Matarsa Hannah ta ba da labari da ta tsufa, cewa har ya fita sai ya juyo kamar mai magana a baki, abin da ya iya faɗa kawai ta kula da yaran sosai. Da yamma aka shigo da gawarsa, aka shimfiɗe a ɗakinta. Shekararsa 30, kuma shi ne hafsa na farko da aka kashe a ɓangaren Amurka a yaƙin neman 'yancin kai.

Daga nan littattafan makaranta sukan bi rundunar zuwa Boston. Ra'ayina, a gidan nan ya kamata a daɗe, domin rundunar manoma ba ta tsayuwa sai in akwai mai ciyar da shanu da shigar da hatsi rumbu. Arhar da gwamnati ta samu wajen sojan da ya zo da bindigarsa da guzurinsa, iyalinsa ne suka biya kuɗinta.

Dubi yadda aka saka musu. Dokar fansho ta 1818 ta tsaya kan sojojin rundunar ƙasa, su ma sai matalauta. Dakarun garuruwa irin su Davis sai 1832 aka waiwaye su, matan da mazansu suka rasu kuwa 1836. Hannah ta sake aure sau biyu, duka mazan suka riga ta, kuma sai da ta haura shekara 90 majalisa ta ba ta fansho. Ta rasu a 1841.

Za a ce sabuwar ƙasar bashi ya yi mata katutu, in an buɗe ƙofa kowa zai zo da kokensa. Wannan uzuri ne a shekarun farko, na yarda. Amma shekara sittin? An dai jira mutuwa ta rage yawan masu nema, sannan aka nuna karamci.

A 1851 mutanen Acton suka gina doguwar hasumiyar dutse a tsakiyar gari, suka tono ƙasusuwan Davis da na Abner Hosmer da James Hayward, abokan tafiyarsa da suka mutu a ranar, suka binne a ƙarƙashinta. Lokacin Hannah ta shekara goma a kabari.