Ɗalibin bincike ma ɗan jami'a ne

Ƴan uwana masu mastar da masu digirin dakta a nan Damagaram, maganar nan ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Da zarar ka gama lasans ka shiga bincike, kamar an share sunanka daga jami'a. Ɗan shekarar farko yana da ajinsa, yana da abokan da za su yi kuka tare. Kai kuwa daga kai sai kwamfutarka a gindin bedi, kana leƙa salula ko malamin da ke duba aikinka ya amsa saƙo.

Ba malamai nake zargi ba. Mutum ɗaya ga koyarwa, ga gyaran jarabawa, ga ɗalibai rututu kowa da babinsa a hannu. Abin da ke ƙona mini rai shi ne a yi taron ilimi, baƙi su zo su tafi, sai a Facebook za ka ga hotuna. Ba mai tambayar me kake bincike sai ranar kare aiki, ranar da dangi za su cika ɗaki da kwanonin abinci.

Amma mu ma mun cika zaman jira. Idonmu duk yana Yamai, inda cibiyoyin bincike na IRSH da LASDEL suke, tafiyar kusan kilomita 900. Kano fa? Ba ta kai kilomita 300 ba. Wanda ke nazarin kasuwancin Damagaram a zamanin Sarki Tanimun, ko sana'ar jima, ko waƙoƙin baka, yana da abokan tafiya a Jami'ar Bayero, ga kuma tsofaffin takardu a Arewa House ta Kaduna. Su da Ingilishi suke rubutu, mu da Faransanci, amma in aka zauna Hausa za a yi. Gajeren saƙo na ladabi, da taƙaitaccen bayanin aikinka shafi guda, ya isa ka fara.

A gida kuma mu riƙa haɗuwa sau ɗaya a wata, ko da a fada ne ana dafa shayi. Kowa ya faɗi inda ya kai da inda ya maƙale, ɗan tarihi ya saurari mai binciken matsalar ruwan Zinder. Mu gayyaci malami ɗaya kowane zama.

Shugabannin sassa, Allah ya ƙara girma, abu biyu muke roƙo: a riƙa sanar da mu duk taron da za a yi, a kuma ware mana ɗaki mai wuta da intanet.