Masu rufin kwano a Tawa, ku ji tsoron Allah

Wai don Allah mi munka yi ma masu aikin rufi a garin ga ne? Mutum ya yi shekaru yana tara kuɗi, wani ma daga Abijan ko Libiya yake turo su da guminshi, a tada gini har ya kai rufi, sannan wani ya hau sama da hama da ƙusa ya lalata komi a yini guda. Kuma sun san dabararsu sarai, aikin da rani aka yinai, ba ruwa ba iska, maigida yana ƙasa yana kallo baya hawa sama, an biya kowa ya watse. Sai watan shidda hadari ya taso daga gabas sannan asiri ya tonu.

Gidan yayana a Wadata haka anka yi mai. Ruwan farko wallahi bokiti da roba da tukunyar tuwo duk an jera cikin ɗaki, katifa ta jiƙe, filafon sabo fil ya kumbura ya yi taswira. Da munka sa tsani munka hau sai ga ƙusoshi an buga su cikin kwarin kwanon, daidai inda ruwa ke bi, maimakon bisa tudun. Ko robar nan ta bakin ƙusa babu, alhali an ba da kuɗinta. Wasu wuraren ma mai rufin ya buga bai samu katako ba sai ya zare ya bar hudar nan haka, kana cikin ɗaki da rana kana ganin haske tar. Haɗin kwano da kwano kuwa da ƙyar ya kai yatsa ukku, abin da ya kamata ya hau juna santimita 15 zuwa 20, don kawai a rage tol biyu a sa kuɗin aljihu. Gangara kuma babu, rufi kwance shamɓal, ruwa na zaune sama yana jiran tsatsa.

An kira mai rufin a waya, wai "Alhaji ka yi haƙuri, ruwan bana ne ya yi yawa, gobe in sha Allahu zan turo yaro da kwalta". Kwalta! Rufin da bai yi wata huɗu ba. Yaron ma har yau ba mu ga ƙeyarshi ba, lambar kuma kullum a kashe.

Abin da ya fi ban haushi shi ne ɗaurin. Kowa ya san iskar da ke gaban ruwa a Adar, mai jan ƙura da ke rufe gari har kaji su shiga akurki. Rufi in ba a ɗaure katakonshi ko IPN (dogon ƙarfen da ake ɗora rufi bisanshi) da ƙarfen da anka binne cikin kankare ba, tashi ɗaya za ta yi ta kai shi gidan maƙwabta, kuma kwano in yana yawo a iska wuƙa ne, yana iya yanka ɗan mutane. Amma sai ka ga an ɗaura da 'yar waya, an ɗora bulo da duwatsu da tsohuwar taya a sama wai an gama. Katako ɗanye, ko baƙin mai ba a shafa mai ba, gara ta samu gara.

Kuma fa a wane lokaci? Tun da anka rufe iyakar Benin a 2023 kayan gini sunka hau, sai sun zagayo ta Lome da Burkina. Daminar 2024 mutum sama da 300 sunka rasu a ƙasar ga, gidaje dubbai sunka faɗi, har gwamnati ta rage kuɗin siminti don mutane su sake gini. Shi ne kai kuma za ka zo ka ci amanar wanda ke neman inda zai sa iyalinshi?

Su ma masu kanti ba su fita ba, ka biya kuɗin kwano mai kauri a kawo maka wanda yatsa ke lotsawa, da haɗin bakin mai aikin don yana da kasonshi. Ni dai wanda zai yi rufi bana, ya je ya sayi kayanshi da kanshi, ya sa wani nashi ya hau sama ya tsaya bisa kansu, kuma ya riƙe cikon kuɗin aiki sai an yi ruwa biyu masu ƙarfi. Wanda ya ce bai yarda ba ya ɗauki tsaninshi ya ƙara gaba.