Bakin shaida daban, alƙalamin lauya daban

'Yan uwana ƙananan lauyoyi, akwai wata shari'ar gona da har yau take ci mini rai, kuma laifin nawa ne.

Shaidana dattijo ne, ya haura saba'in, a gabansa aka sayi gonar. Da na tambaye shi yaushe aka yi cinikin, sai ya ce: "Ɗana, damanar da ta biyo bayan rikicin Maitatsine." An yi rikicin a Kano a Disambar 1980, don haka na rubuta 1981 a takardar rantsuwarsa, da Turanci. Aka fassara masa a gurguje, ya dangwala yatsa.

Ranar zama a Babbar Kotu ya amsa cewa takardar tasa ce. Lauyan ɗaya ɓangaren ya miƙe, cikin ladabi: "Baba, a wace shekara aka sayi gonar?" Ya ce shi bai san lissafin Nasara ba. "To wa ya ce 1981?" Baba ya nuno ni. Gaskiya ya faɗa, amma daga nan duk abin da ya fito bakinsa kallon haddar lauya aka yi masa.

Tun da aka koma shigar da bayanin shaida a rubuce kafin a fara sauraron ƙara, da yawanmu mun daina sauraron shaidu, mun koma rubuta musu. Lokacin kotu ya ragu, ban musa ba. Sai dai Dokar Shaida ta 2011 ta hana ka yi wa shaidanka tambayar da ke sa masa amsa a baki sai da izinin kotu, alhali ta bar wa abokin karawarka wannan damar a tambayoyin ƙure. In ka cusa masa kalmominka a ofis, a gaban mai shari'a ba ka da hanyar ceto shi.

Yanzu yadda mutum ya faɗa haka nake rubutawa. In ya ce Maitatsine, Maitatsine zan sa, lissafin shekara ni zan kawo shi a jawabin ƙarshe. Ina zama da shi sau biyu ko uku, in yi masa tambayoyi masu zafi da kaina, in gaya masa ya jira tafinta ya gama kafin ya amsa, kuma "ban sani ba" amsa ce halastacciya.

Baba ya rasu bara. Ban taɓa samun zarafin gaya masa cewa ba shi ya yi kuskure ba.